Wa za ki bar wa yaron da ba ya iya kai ƙara?

Ɗan fari ne, don haka ba zan kama sunansa ba. Shekararsa tara yanzu. Ba ya tafiya, ba ya zama sai an tokare shi, ba ya magana, jinsa ma ya ragu. Shawara ce ta kama shi yana da kwana uku a duniya. Idonsa ya yi ɗorawa, aka ce a riƙa shanya shi a hantsi ana ba shi ruwan gulukos. Kafin a kai shi asibiti a sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila, a kuma yi masa canjin jini, abin ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa. Daga baya likita ya tambaya ko akwai kafur a cikin kayan jaririn. Akwai kuwa, cike da akwati. Wasu jariran, musamman maza, ana haihuwarsu da jinin da ba ya jure kafur, yana fasa musu ƙwayoyin jini, shawarar ta yi tsanani cikin kwana ɗaya ko biyu.

A unguwa wasu na cewa galahanga, wasu na cewa ɗan ruwa ne idan sun ga na juya baya. Abin da likitoci suka ce shi ne ɓangaren ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi ne ya samu rauni. Jikinsa yakan sandare, yakan kuma murɗe ba da sonsa ba, ga farfaɗiya a kai, wadda ke tare da kusan ɗaya cikin uku na yara masu irin wannan lalura. Amma hankalinsa na nan. Yana gane wanda ke sonsa da wanda ke ƙyamarsa, yana dariya idan ƙanwarsa ta yi ɓarna aka kama ta. Bakin faɗa ne ba shi da shi. A nan duk wahalar zaɓen mai raino take. Yaro mai lafiya idan aka mintsine shi, ko aka hana shi abinci, da yamma zai ce miki, "Umma, wance ta dake ni." Nawa ba zai taɓa faɗa ba. Duk abin da ya faru tsakanin bakwai na safe da uku na rana, sai abin da mai rainon ta ga dama ta gaya min, sai kuma abin da jikinsa ya nuna.

Hanyoyin da ke gaban mace a Kano idan aiki ko kasuwa ya fitar da ita ba su da yawa: yarinya daga ƙauye, ko kaka da dangi, ko gidan raino na kuɗi, ko babbar mace da za ta riƙa zuwa gida. Duka huɗun sun ratsa ta gidanmu.

Yarinyar ƙauye ita ce ta farko da kowa zai kawo miki shawararta, don ta fi araha. Dillaliya ce ke kawo su, ita ke karɓar kuɗin wata ta kai wa iyayen bayan ta cire nata. Tamu ba ta wuce shekara goma sha uku ba, ga ladabi, ga son yara. Matsalar ita ce ita ma yarinya ce da ya kamata a ce tana aji. Ba ta karanta lambar da ke jikin sirinjin da ake auna masa magani da shi, ba ta da ƙarfin ɗaga yaron da ya sandare, kuma tsoro ya fi ƙarfin bakinta. Wata rana ya ƙi cin abinci, ta ji tsoron in dawo in tarar da kwano cike, sai ta yi masa abin da ta ga ana yi wa ƙannenta a gida. Ta kwantar da shi a cinya, ta toshe masa hanci, ta yi masa ɗure da kunu. Ya ƙware, ya yi tari, ya yi shiru. Ba ta faɗa ba. Kwana biyu bayan nan zazzaɓi ya rufe shi, numfashi na fita da sauri, haƙarƙari na lotsawa. Nimoniya ce, ta kwantar da mu kwana tara a asibiti. Sai a kwana na huɗu ta faɗi abin da ya faru, tana kuka. Ban ga laifinta ba har yau. Laifin na wanda ya ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta ne.

Bari in tsaya a kan cin abinci, don shi ne ke kashe irin waɗannan yara fiye da yadda mutane ke zato. A maƙogwaro hanya biyu ce, ta abinci da ta iska, suna maƙwabtaka. Duk lokacin da mai lafiya ya haɗiya, hanyar iska na rufewa da kanta. A wurin yaro mai wannan lalura rufewar takan makara. Idan aka ɗaga masa kai baya, kamar yadda ake yi wajen ɗure, an buɗe hanyar iskar ke nan warwar. Abu mai ruwa-ruwa, kamar ruwan sha da shayi da koko tsararo, ya fi gudu, don haka ya fi saurin faɗawa huhu. Mai kauri yana tafiya a hankali, yana ba maƙogwaro lokaci. Abin tsoron kuma shi ne ba kullum yake tari ba. Wani lokacin abincin zai wuce huhu shiru, sai dai ki ga idonsa ya kawo ruwa, ko ki ji muryarsa ta koma kamar mai kurkurar baki, ko ki ga duk bayan 'yan makonni ciwon ƙirji ya dawo.

Ga yadda aka koya mana a sashen gashi, wato ɓangaren asibiti da ake motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi, kuma shi nake koya wa duk wadda za ta taɓa cokalinsa. A zaunar da shi tsaye, ƙugu a lanƙwashe, ƙafa a kan abin takawa, haɓa ta ɗan sunkuyo ƙasa. Mai ba shi ta zauna a gabansa, idonta daidai da nasa. Idan ta tsaya a kansa zai ɗaga kai ya dube ta, an koma gidan jiya. Cokali ƙarami na roba mai tauri, don idan ƙarfe ya taɓa haƙoransa yakan datse da ƙarfi ba da niyya ba, kuma in ya datse ba a fizga, jira ake ya saki. Rabin cokali kowane ɗauka, a ɗora a tsakiyar harshe a ɗan danna, kada a kankare a haƙoran sama. A jira a ga maƙoshi ya motsa kafin a ƙara. Kunun gyaɗa ko na tamba ya yi kaurin da zai zauna a cokali, fate a dama shi ya yi laushi ba gudaji, wake a cire ɓawo a murje. Shinkafa tsinka-tsinka cikin miya mai ruwa ita ce mafi sharri, don baki na fama da abu biyu lokaci guda. Ci ɗaya kan ɗauki minti talatin, in ya wuce haka ya gaji, gara a raba abincin sau biyar ko shida a yini. In an gama ya zauna a tsaye wani minti talatin kafin a kwantar da shi, a kuma duba dasashi da cikin kumatu ko abinci ya maƙale. Duk wadda ba ta da haƙurin wannan awa guda ɗin, ko da Hajiyar da ta haife ki ce, ba ita ce mai rainonsa ba.

Na kawo zancen Hajiya da gangan. Bayan asibiti, kakarsa ta wajen uba ta ce a riƙa kai mata shi. Wajen ƙauna babu wanda ya kai ta, kuma ta iya goyo, wanda masu gashi ma suna yabawa, don goyo na raba ƙafafun da ke son harɗewa kamar almakashi. Inda gizo ke saƙar shi ne gyara. Yaya za ki dubi surukarki ki ce, "Hajiya, ba haka ake ba shi ba"? Ta ga maganin farfaɗiya na sa shi barci, ta ce ƙwayar Bature ta yi wa yaro yawa, ta dakatar na kwana uku tana ba shi rubutu da hayaƙi. Ba ni da ja da addu'a, mu ma muna yi masa tofi safe da yamma. Amma magungunan farfaɗiya irin su finobabiton da balfuret da kabamazafin ba a yanke su farat ɗaya. Jiki ya saba da su, in aka janye kwatsam jijjigar kan dawo fiye da da, har ta ƙi tsayawa. Haka kuwa aka yi. Abin da ya warware mana shi ne Abbansa ya ɗauki Hajiya da kansa zuwa ganin likita, ta ji daga bakin likitan. Maganar da suruka ba za ta iya faɗa ba, farar riga ta faɗe ta cikin minti biyar. Duk da haka muka gane cewa dangi sun fi dacewa su zama masu sa ido da masu karɓa ranar da aka rasa kowa. Aikin kullum yana son wanda za ki iya ce wa "sake yi" ba tare da an kira taron dangi ba.

Gidajen raino na kuɗi na zaga guda shida. Huɗu sun ce ba sa karɓar irinsa, ɗaya ma mai gidan ta ce iyayen sauran yara za su kwashe 'ya'yansu, wai farfaɗiya ana ɗauka ta yawu. Ba a ɗauka, ko kusa. Akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, har ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shigar keken guragu, aka kuma kafa hukumar kula da su ta ƙasa a 2020. Sanin dokar na da amfani, yana sa ki yi magana kanki a ɗage. Sai dai ni ba zan tilasta wa wanda ba ya son ɗana ya riƙe min shi ba, don bayan na tafi shi da su ne. Masu ce min in kai shi Tudun Maliki kuwa, wannan makaranta ce da aka sani da koyar da kurame da makafi, ba wurin rainon yaron da sai an ɗauke shi an ba shi a baki ba ne.

Idan kin samu gidan da ya ce zai karɓa, kada ki je ranar da suka sa miki. Ki faɗa musu ba sanarwa, wajen sha biyu zuwa ɗaya na rana, lokacin da ake ba yara abinci kuma masu aiki sun fara gajiya. Ki ƙirga yara, ki ƙirga manya da idonki, kada ki tambaya. Mace ɗaya da yara goma ba za ta samu awa guda ta ɗanki ba komai kirkinta. Ki duba inda za a ajiye shi. In gadon jarirai ne a lungu, to a nan zai yini yana kallon silin. Ki duba iska da zafin ɗakin idan an ɗauke wuta, don zafi da zazzaɓi na tayar da jijjiga. In kin tarar da yara duka sun yi barci lokaci guda, barci mai nauyi, har ana ɗaga hannunsu yana faɗuwa, ki yi tambaya. Akwai masu ba yara Piriton ko maganin tari don su samu sararawa, kuma irin wannan a kan finobabiton na iya danne numfashi. Sannan ki yi musu tambaya ɗaya: "In ya fara jijjiga me za ku yi?" Duk wadda ta ambaci cokali, ki ɗauki jakarki.

Ga amsar da nake so in ji. A kwantar da shi a ƙasa ta gefe, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kai, a kwance masa wuyan riga, a kawar da abin da zai buge. Kada a sa komai a baki, ko cokali ko yatsa ko ruwa ko man ja. Ba ya haɗiye harshensa, wannan zance ne kawai, cokalin ne ke karya haƙori. Kada a danne shi, kada a kwara masa ruwa, kada a shaƙa masa albasa ko hayaƙi. A dubi agogo tun daga farko. Yawanci tana tsayawa da kanta cikin minti biyu ko uku. In ta kai minti biyar, ko ta tsaya ta dawo bai farfaɗo ba, ko leɓensa ya canja launi bai dawo ba, asibiti kai tsaye, a kira ni a hanya. Wasu yaran likita kan rubuta musu diyazafam na sakawa ta dubura don irin wannan lokacin. In an rubuta wa naki, mai raino ta san inda yake, ta kuma ga yadda ake sakawa kafin ranar ta zo. Bayan ya farfaɗo ba ci ba sha sai ya dawo hayyacinsa sosai.

Wadda ke tare da mu shekara biyar ke nan babbar mace ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun girma. Iya muke ce mata. Layi uku ne tsakaninmu, mai unguwa ya san ta, limamin masallacinsu ya san ta, na je gidanta na zauna a tabarmarta kafin ta taka nawa. Wannan kusancin ba ƙaramin abu ba ne. Ba ta dogara da Adaidaita ba, ranar da aka wayi gari da ruwan sama tana isowa, kuma ba za ta tafi ganin gida da sallah ta ƙi dawowa ba.

Ranar da ta fara zuwa mata uku na kira. Biyun farko suka gaishe ni, suka dube shi, suka ce "Allah sarki, Allah ya ba shi lafiya," ɗaya har da hawaye. Iya ta gaishe ni, sannan ta durƙusa daidai fuskarsa ta ce, "Malam, ina kwana? Ba ka gaishe ni ba." Ta tsaya tana jira. Ya ɗauki lokaci yana kokawa da wuyansa kafin ya juyo da ido, ya buɗe baki, yawu ya zubo. Ta sa gefen mayafinta ta goge, ba ta yamutsa fuska ba, ba ta daina yi masa magana ba. Masu hawaye ba na ɗaukarsu. Mai tausayi da yawa za ta yi masa komai, ba za ta bari ya yi ƙoƙarin kama kofi ba, kuma ranar gashi in ya yi kuka za ta ce a ƙyale shi haka.

Amma sai an gwada akan san na ƙwarai. Na ɗauki hutu na mako biyu, na biya ta kuɗin gwaji. Kwana uku na farko kallo kawai take. Kwana huɗu na gaba tana yi ina gefe ina gyarawa, a nan na ga yadda take karɓar gyara, wanda ya fi min iyawarta muhimmanci. Mako na biyu na riƙa fita awa ɗaya, awa biyu, in dawo ba lokacin da na ce ba. Na kuma tafi da ita sashen gashi sau biyu, mai gashin ya kama hannunta ya nuna mata yadda ake miƙar da gwiwa da idon sawu a hankali, a riƙe, ba a fizga, ba a yi da ƙarfi. Ƙashin yaron da ba ya takawa ba shi da ƙwari, ana iya karya shi wajen canja famfas ma. Masu zuwa Asibitin Malam Aminu Kano ko na ƙashi da ke Dala ko na yara na Hasiya Bayero, ku riƙa tafiya da mai rainon ranar asibiti. Ita ce ke yini da shi, ita ta fi ku amsar rabin tambayoyin likita.

Ɗauka ma sai an koya. Ba a jan sa ta hannu, ba a cusa hannu a hammata a ɗaga, don nan take zai sandare ya bankare baya. Juya shi ake ta gefe, a lanƙwasa ƙugu da gwiwa, hannu ɗaya a bayan kafaɗa, ɗaya ƙarƙashin cinya, a jawo shi jiki kafin a miƙe. Kada ya wuce awa biyu a yanayi ɗaya. Daga kujerarsa, wadda kafinta ya ƙera mana da ma'aunin da mai gashi ya bayar, zuwa rub da ciki a tabarma da filo ƙarƙashin ƙirji, zuwa kwanciya ta gefe da filo tsakanin gwiwoyi, zuwa tsayuwa a katakon tsayawa. Wanda aka bari a kwance yini guda gaɓoɓinsa na ƙagewa, ƙugu na iya gocewa, fata kuma na ci. Wuraren dubawa su ne ƙashin gindi, gefen ƙugu, dunduniya, ƙeya da inda takalmin gyaran ƙafa ke gogawa. In wuri ya canja launi ko ya yi zafi, aka sauke nauyi daga kansa rabin awa bai koma daidai ba, gyambo ne ke sallama. A baƙar fata ba ja yake yi ba, duhu yake ƙarawa ya yi sheƙi, sai an sa ido.

Iya ba ta yi boko ba, ajami take karantawa. Wannan bai hana komai ba. Na naɗa jan salatif a jikin sirinji daidai inda maganin zai tsaya, duk lokacin da likita ya canja adadi saboda nauyin yaron ya ƙaru, in canja salatif ɗin. Cokalin shayi ba ma'auni ba ne, wani ya fi wani girma. Na sa mata ƙararrawa a waya. Maganin ta gefen kumatu ake tura shi kaɗan-kaɗan, ba tsakiyar maƙogwaro ba. Akwai littafi ɗan sittin a kan firji da aka ja wa layi: abinci, ruwa, magani, fitsari, bayan gida, jijjiga. Alama kawai take yi. Layin bayan gida kada ki raina shi. Yaran nan na fama da taurin ciki, in ya kwana uku bai yi ba za ki ga sandarewa ta ƙaru, ga kuka, ga ƙin abinci, a yi ta neman aljani alhali gwanda da ruwa da zogale ake nema. A bangon ɗaki kuma akwai takarda mai lambata, ta Abbansa, ta wani mai Adaidaita na layinmu da muka yi magana da shi tun tuni, da sunayen magungunansa. Katin asibiti da kuɗin mota na cikin wata jaka da ke rataye bayan ƙofa, ba a taɓa ta don cefane.

Akwai maganar da ba a son yi, amma dole. Wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wanda ya fito a 2012, ya nuna yara masu nakasa sun fi sauran yara fuskantar cin zarafi kusan ninki huɗu. Wanda ba ya magana shi mugu ke nema. Don haka wankan dare ni nake yi masa da hannuna, ina duba ko'ina, har inda famfas ke rufewa. Ƙa'idar gidan ita ce ba a fita da shi ba izini, ba a shigo da baƙo, namiji ko mace, ɗan'uwa ko bare, ya keɓe da shi. Batun fitar na da dalili na biyu: akwai masu karɓar irin waɗannan yara su tafi bara da su a bakin danja, uwa na wurin aiki ba ta sani ba. Ki kuma kalli fuskarsa lokacin da mai raino ta yi sallama da safe. Nawa in ya ji muryar Iya ƙafafunsa har rawa suke. Da zai fara runtse ido ko ya sandare in ta matso, da ban jira hujja ba. Masu sa kyamara a ɗaki ba su yi laifi ba, amma a gaya wa mai aikin, kuma a san wuta da data na iya yankewa.

Kuɗi kuwa, kada ki biya ta kamar mai shara da wanke-wanke, kada kuma ki haɗa mata da shara da wanke-wanke. Wadda ke tuƙa tuwo ba ta kallon yaro. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, gidaje da yawa ba sa iya kaiwa nan, mu ma da kyar muke, amma ki san da wannan ma'aunin ake auna ki. Abin da kika yi alkawari ki biya ran da kika ce. Ta samu ranar hutu a mako, ta ci abin da kuke ci, in bayanta ya yi ciwo ki saya mata magani. Kafin ta fara, in tana da tarin da ya wuce mako biyu a gwada ta, gwajin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, huhun yaron ba zai ɗauki wannan ba.

Abin da na fi nanata wa Iya tun ranar farko shi ne, "Iya, duk abin da ya faru, in kika faɗa min da bakinki, babu faɗa. In ya faɗi, in kin manta magani, in ya ƙware, ki faɗa." Faɗar wannan da sauƙi, cikawa ce wuya. A wata na huɗu na dawo na tarar da ita tsaye a bakin ƙofa, ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Maman yara, yau na yi laifi. Ina goge masa baki ya zame daga kujera, ban ɗaura bel ba. Goshinsa ya bugi ƙasa. Ga wurin." Ƙulu ne kamar ƙwan tantabara. Zuciyata ta hau, na ji maganar ta taho har bakina, na haɗiye ta. Na tambaye ta ƙarfe nawa, ya yi amai, ya yi barcin da ba a saba ba, ya yi jijjiga. Ta amsa ɗaya bayan ɗaya, har ta ce ta duba idonsa duka biyu. Na ce, "Na gode da kika faɗa min, Iya." Muka kai shi aka duba, ba komai. Da na yi mata tsawa ran nan, da na koya mata abin da tsoro ya koya wa yarinyar farko. Tun daga lokacin ko rabin magani ya tofar sai ta faɗa, ni kuma in kira likita in ji ko a ƙara ko a jira na gaba, don ba a ninka magani da ka.

Yanzu nauyinsa kilo ashirin da ɗaya. Iya ta fara dafa ƙugu in ta miƙe da shi, kuma nan da 'yan shekaru wankansa da tsarkinsa za su fi dacewa da hannun namiji. Mun fara koya wa ƙanin Abbansa da ke zaune tare da mu ɗauka da juyawa, ita kuma 'yar Iya ta biyu tana zuwa duk Asabar tana koyon cokali, saboda ranar da Iya za ta kwana da zazzaɓi. Makon jiya ta kai rabin kwano bai yi tari ko sau ɗaya ba, sai dai har yanzu tana mantawa ta miƙe tsaye in hannunta ya gaji.